Jirgin Garka Ya Gan Ni Ja

Assalamu alaikum Inna,

Ina gaishe ki, da Baba da Haula. Yaya ƙahwar Baba? Mutanen Tebaram lahiya?

Ni lahiya lau nike. Aikin garkar albasa nan bayan garin Tawa ba wuya, ana ci ana ƙoshi. Wurin dai shiru gare shi. An kakkahe wasu ƙarhuna cikin ƙasa, su ke gaya ma Madan Raƙiya, mai kula da garkar, in cuta ta shigo. Akwai kuma ɗan jirgi marar matuƙi, kukanshi kamar zuma. In ya tashi, garkar duka sai ta hito cikin allon Madan. Albasar da ta hito ja, tugewa mukai, ko ganyenta kore ne shar. Wani fangalin albasa ya hito ja, na ji tausai na bari. Inna, kahin Juma'a ya ruɓe.

Shekaranjiya ina ban ruwa, jirgin ya tsaya bisa kaina. Da anka nuna min hoton, ga ni tsakiyar kore, ja wur. Madan ta yi dariya, wai zahin jiki ne, kowa haka yake hitowa. To ni dai ban ga na kowa ba. Tun ranar kaina ke ɗan sarawa, ba sosai ba.

Ki sa Malam Almustafa ya yi min rubutu, a aiko da motar kasuwa. Kar Baba ya ji. In kin gan ni gida kahin cirar albasa, kar ki yi min hwaɗa. Ba ni son jirgin nan ya sake ganina.

Allah ya sada mu.

Ɗanki,
Muktari