Soron Jalo da Simintin Uwaliya

Gwarzo, 4 ga Yuni

Yaya Abdulrahman,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, da Anti Bushira da yara, da ruwan Fatakwal da ba ya ɗaukewa. Mu nan sai godiya. Baba na gaishe ka, ƙafar ce dai har yanzu take damunsa.

Tun Laraba na baro Kabo, don Sabi'u ya kira ni ya ce an shafa jan fenti a jikin soron gidanmu. Titi za a faɗaɗa, a jera shaguna. Ka san halin autan namu, har ya fara hango kansa a shagon waya. Baba kuwa ya daina shiga cikin gida, a soron ake kai masa abinci.

Ga abin dariya. Shekara arba'in ina ratsa soron nan kaina a sunkuye saboda maza na zaune, ban taɓa ɗaga ido ba sai jiya. Yaya, ashe haka rufin yake? Baka huɗu sun taso daga bango sun haɗu a tsakiya, ba ginshiƙi, ba ƙarfe. To me yake riƙe da shi? Baba ya ce kakanmu Jalo ya gina shi tun kafin a haife shi. Ga kuma zane a bangon gabas, da yatsu aka ja shi, layi uku-uku. Me ya sa uku? Kai da ka yi karatun allo a nan, ka taɓa tambaya?

Wani malamin makarantar su 'yata Jannat ya ce akwai doka, in gini ya tsufa ana iya sa titi ya kauce masa. Mun rubuta takarda, an ce masu dubawa za su zo daga Kano nan da sati biyu. Ka sa mu a addu'a, don ban san inda Baba zai zauna ba in babu soron nan.

Ƙanwarka,
Uwaliya

Gwarzo, 21 ga Yuni

Yaya,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyar iyali, ka zauna kafin ka karanta, kuma don Allah kada ka yi min faɗa, na riga na yi wa kaina.

Da na ji baƙi za su zo tun daga Kano, sai kunya ta kama ni. Bango ya zaizaye, hayaƙin fitila ya baƙanta shi, ga gidan zanzaro ko'ina. Na ce a haka za a tarbi mutane, su ce gidan ba mata? Ni na matsa wa Sabi'u ya kira birkila. Aka shafe soron da siminti ciki da waje, aka bi shi da shuɗin fenti. Wallahi ya yi kyau, har maƙwabta suna leƙowa. Baba ya koma gindin darbejiyar ƙofar gida yana kallonmu, na ɗauka daɗi yake ji.

Su uku suka zo, shugabarsu wata Malama Zinnira. Tana shiga ta tsaya cak. Ta shafa bangon gabas, ta tambaya ko ba nan ne aka rubuta musu akwai zane ba. Na ce yana ciki, mun rufe shi don kada ya lalace. Baiwar Allah sai ta nemi wuri ta zauna. Furar da na dama ma ba ta sha ba.

Ta yi min bayani a hankali, ba wulaƙanci. Doka tana kare gini ne in yana nan yadda magininsa ya bar shi. Zaizayewar da nake jin kunya, da baƙin hayaƙin, su suka zo gani. Ta ce in simintin ya ciru zanen ya fito, mu sanar da ita kafin ƙarshen wata.

Raina a ɓace yake, Yaya. Gobe zan ɗauko Malam Uwaisu, tsohon maginin unguwarmu a Kabo.

Taka,
Uwaliya

Kabo, 9 ga Yuli

Yayana,

Ina gaishe ka, ina gaida Anti Bushira, na kuma gode da ba ka yi faɗan ba.

Malam Uwaisu ya yi iya yinsa. Duk inda ya ɓamɓaro siminti sai ya taho da fuskar bangon. Ya ajiye guduma ya ba ni haƙuri.

Ranar Litinin katafila ta zo. Mata suka shige ciki, ni kuwa na tsaya, na ce ko ba komai sai na ga abin da yake riƙe da rufin nan. Ka san mene ne? Guntayen azara, an ɗora wannan kan wancan, kowanne ya ɗan zarce na ƙasansa, an ɗaure su da igiya, an binne cikin ƙasa. Igiya fa, Yaya! Na ja wata da hannuna, ta ƙi tsinkewa.

Washegari ruwan sama ya wanke ɓaraguzan simintin da muka zubar a gefe. Na juya wani falle, sai ga zanen Jalo a bayansa ya fito ɓaro-ɓaro, layi uku-uku. Na kai wa Baba gindin darbejiya ina jin nauyin haɗa ido da shi. Ya ɗora yatsunsa a kai, ya naɗe ƙaramin, ya bi layin har ƙarshe. Sannan ya ce gizago ne ya cire wa babansa ɗan yatsa wajen sassaƙar azarar soron, ranar ma bai tashi daga aiki ba. Shekara saba'in bai taɓa gaya wa kowa ba, wai ba wanda ya tambaya. Na ce ai na tambaye shi. Ya ce rufi na tambaya.

Na nemi gafararsa, ya ce in bar masa fallen. Yanzu yana jingine kusa da tabarmarsa, in mutane sun zo gaisuwa sai ya nuna musu. Jiya kafin in dawo Kabo na ji shi yana ce wa liman hannun babansa ne, Uwaliya ce ta ciro masa. Na koma bayan ƙyaure na yi kukana.

In za ka zo da Sallah, kada ka nemi soro. Ka nemi darbejiya.

Ƙanwarka,
Uwaliya