Kar Ka Sayar Da Keken Ɗinkin

Auta,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya Inna da ƙafarta? Ya iyalinka?

Na ga saƙonka, kuma wallahi ka ɓata min rai. Wai za ka sayar da keken ɗinkinka ka biyo ni, saboda littattafan zanen da na aiko maka, inda wani ya faɗa rijiya ya ɓulla wata duniya ya zama sarki. Haba Auta, da gemunka?

Shara nake yi a gidan sinima a nan ƙasar waje, kullum sau huɗu nake ganin irin wannan labarin. Da fim ɗin da littafin duk kanwar ja ce: ƙofa ta buɗe, dodo ya tare hanya, wani tsoho mai sanda ya nuna mafita. Ni da na iso, ba tsohon da ya tarbe ni sai mai gidan haya, ya nuna min katifa a ɗakin mutum shida. Lafiyata lau, bayana ne kawai ke ɗan damuna in na sunkuya ƙarƙashin kujeru. Kar Inna ta ji.

Kuma ko a fim ɗin, ai kuka jarumin yake yi yana neman hanyar gida. Shi awa biyu ake buɗe masa ƙofa. Ni shekara uku ke nan.

Ka zauna kusa da Inna. Ka ɗinko min riga, amma ka rage faɗinta, na ɗan faɗa.

Allah ya shirye ka.

Yayanka