Na hana abokina ganin limaminsu ranar da zai mutu

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin don girman Allah ka ɓoye sunana, ka sa saƙon yadda na rubuta shi. Don Allah ku ba ni shawara, amma ku daure ku kai ƙarshe kafin ku fara zagina, in ma zagin ne ba zan ce kun zalunce ni ba.

Ni dattijo ne, na haura sittin, mutumin Tsarnawa, direba nake tun ina da ƙarfi har ido ya gaza. Wajen ƙarshen shekarun 1980 ina jan wata tsohuwar mota Fijo kat-san-kat tsakanin Konni da Dogarawa, a nan na san wani malamin lakwal, wato makarantar boko, da aka turo Dogarawa, mutumin Benin, Kirista ɗan Katolika. Zan kira shi Mushe Antuwan, don Mushe muke ce wa malamin lakwal, amma ba sunansa na gaskiya ba ne. Duk Lahadi ni ke kai shi coci Konni shi da matarsa Madam Rozali da 'yar jaririyarsu, tun muna direba da fasinja har muka zama kamar 'yan ɗaki ɗaya. Rubutun nan da kuke karantawa shi ya koya mini, a kan bayan motata da alli, yana dariya wai hannuna ya fi sanin sitiyari. Da aka haifa mini ɗan fari shi ya riƙe ƙafar rago ana fiɗa.

Mun sha gardamar addini a hanya, ba da faɗa ba, ni dai akwai ni da kafiya, shi kuma akwai tsokana. Wata rana na ba shi labarin tambayar kabari, sai ya ce wato ku tun a shinge jandarma ke tare ku, mu kai tsaye ake wucewa da mu babban buro, ofishin manya. Ya ce a wurinsu da rai ya fita, nan take yake tsayawa gaban Allah a yi masa hukuncinsa shi kaɗai, ba jiran tashin kiyama. Mai tsarki ya wuce aljanna, wanda ya mutu da babban zunubi bai tuba ba ya tafi wuta, wanda kuma ya tuba amma da sauran dauɗa a jikinsa sai a tsayar da shi wani wuri da suke ce wa furgatuwar, a wanke shi tukuna, kamar yadda nake wanke mota kafin ɗaukar amarya, kuma addu'ar masu rai tana rage masa zaman wurin. Shi ya sa, in ji shi, ba abin da ɗan Katolika ke tsoro kamar ya mutu bai ga momper ba, wato limaminsu, ya furta masa zunubansa, a shafa masa mai. Na yi dariya a lokacin, na ce to Allah ya shirye ka.

Shekara ta uku da saninmu ciwon hanta ya kama shi. Mun kai shi asibiti, ya yi makonni, daga baya likita ya ce a mayar da shi gida. Wata safiya cikin damina Madam ta same ni a tasha ko takalmi babu, ta ce Mushe ya ce in je Konni in ɗauko momper yanzun nan, akwai abu mai nauyi da yake son saukewa. Na sauke fasinjojin da suka riga suka shiga, na kama hanya. Wallahi da niyyar ɗauko shi na tafi. Na isa ƙofar gidan mishan, na hango momper ɗin da idona a tsakar gida yana duba babur ɗinsa, in na yi oda sau ɗaya zai juyo. Sai na zauna cikin mota ina tunani. Tun muna yara aka koya mana cewa wanda ya cika da kalmar shahada ya tsira, na ce a raina in mutumin nan ya shiga ɗakin da mansa da littafinsa, ni ba ni da sauran wuri kusa da abokina, shi ke nan ya tafi a haka. Na ga kamar Allah ne ya ba ni dama, ni wawa har ina jin kaina mai ceto. Na juya mota, na tsaya tashar Konni na sha shayi don lokaci ya ja, na koma na ce wa Madam momper ya yi tafiya garin Tawa, sai jibi.

Ba ta yi mini musu ba ko kaɗan, ta zauna a ƙasa ta rufe fuska da zane. Bayan azahar yarinyar tasu ta dame ta da kuka, na ce ta fita da ita ta sha iska ni zan zauna da shi. Na matsa kusa da kunnensa na fara laƙanta masa shahada. Ya buɗe ido ya tambaye ni ina momper, na maimaita masa ƙaryar. Sai ya kama hannuna ya ce, “To aboki, tunda bai taho ba, kai ka saurare ni. Allah na ji.” Na ce masa, “Mushe, ka ce La'ilaha illallahu tukuna, sannan ka hwaɗi abin da kake so.” Ya sake farawa, na sake katse shi, ina ɗaga murya bisa tasa, sau nawa ban sani ba. Abin da na ji daga bakinsa na ƙarshe shi ne, “Bari in hwaɗi.” Daga nan ya juya fuskarsa bango, kafin la'asar ya cika. Shahadar bai yi ba, abin da yake son saukewa kuma ban bar shi ya sauke ba. Na rufe masa ƙofarsu, tamu kuma ban iya buɗe masa ba.

Da Madam ta shigo na ce mata cikin barci ya tafi, bai ce komai ba. A motata aka kai gawar Konni, na tsaya nesa a maƙabartarsu, ina ganin momper ɗin yana addu'a, ina tsoron kada ta tambaye shi zancen Tawa. Ba ta tambaya ba, ita mai kunya ce. Bayan wata biyu ta koma ƙasarsu, har tana sa mini albarka a tasha wai ban gaji da su ba.

Shekara talatin da wani abu ke nan ban gaya wa kowa ba, ko matata. Sau ɗaya na tambayi wani malami, na ce wani ne ya yi. Ya ce shiriya ta Allah ce, ba a tura ta da ƙarfi, wanda ya yi haka ya ci amana, sai ya nemi yafiyar masu hakki. Na ce to zai iya nema wa mamacin gafara? Ya girgiza kai. Kun ga ke nan ko addu'ar da zan rage nauyi da ita ba ni da ita. Na je Makka, na yi kuka a can, na dawo da abina yadda na tafi da shi.

Watan jiya sai ga saƙo a wayata, jaririyar nan ce, zan kira ta Beatris, yanzu uwar 'ya'ya ce, ta bi ta wajen tsofaffin ɗaliban babanta har ta samu lambata. Tonton take ce mini, wato kawu. Ta ce Madam na nan da rai amma jiki ya ƙi, kuma tun rasuwar ba shekarar da ba ta sa an yi masa addu'a a coci ba, don a rage masa zaman furgatuwar. Ita Beatris ta koma wata cocin da ba su yarda da wannan wurin ba, a wurinsu wanda ya ba da gaskiya ga Yesu yana cikawa yake isa gare shi, ta sha gaya wa uwar ta kwantar da hankalinta, har faɗa suke yi a kai, uwar ta ce ke ba ki ga idonsa da safen nan ba. Abin da ke cin tsohuwar shi ne, wani limaminsu ya gaya mata ko momper bai zo ba, in dai mutum ya yi nadama ta gaskiya yana son ya furta, Allah na karɓa. To ita ba ta sani ba ko ya kai ga haka, tunda na ce mata cikin barci ya tafi. Tana tsoron ta mutu ta je ba ta same shi ba. Shi ne take roƙo in tuna da kyau, ko akwai wata kalma da ya yi, ko guda.

Jama'a kun ga inda na maƙale. Amsar da za ta sanyaya mata rai tana bakina, mijinta ya so ya furta har numfashinsa na ƙarshe. Amma ba yadda zan faɗi haka ban faɗi wanda ya toshe masa baki ba, da wanda ya ga momper a tsakar gida ya juyo. In na gyara labarin na cire kaina, na ƙara ƙarya bisa ƙarya ga matar da ke bakin kabari, ni ma kuma ba nisa gare ni ba. In na yi shiru ta tafi da tsoronta. Ban sa ran yafiya, ni kaina ban yafe wa kaina ba, kuma ban ga ranar da zan yi ba.

'Yan uwa Musulmi, da Kiristocin da ke cikin zauren nan, don na san akwai ku, ku gaya mini gaskiya ko mai ɗaci ce. In faɗa mata duka, ko rabi, ko in kashe waya? Lahadin nan in sun taso daga coci Beatris za ta kira ni ta bidiyo ta miƙa wa uwarta. Tambaya ɗaya tsohuwar za ta yi mini, me ya ce daga ƙarshe, ni kuma na san abin da ya ce. Cewa ya yi in bari ya faɗa.