Kundinka Yana Hannuna, Baba

Assalamu alaikum Baba,

Bayan gaisuwa, na san wannan takarda ba za ta same ka ba. Ko kana raye ma ba za ka karanta ta ba, tunda boko ce. Amma ba ni da wanda zan gaya wa kafin gobe.

Inna tana nan, ƙafar ce dai ke damunta. Geron gonar Shema ya yi kyau bana. Yaya Sanusi kuwa ya gaji tabarmarka ta kasuwar Dutsin-Ma, ya gaji kwalaben maganinka, har gyaran muryarka ya gada. Ilimin ne kawai bai gada ba.

Makon jiya wata Bafulatana ta kawo ɗanta daga Wurma, cikinsa ya kumbura. Yaya ya buɗe kundinka, ya haɗa saiwoyin da ka rubuta, ya ce a ba shi cikin ludayi. Ludayi, Baba! Yaro ɗan shekara uku! Kwana biyu yana amai a asibiti, da ƙyar aka ceto shi. Me ya sa ba ka rubuta awo ba? Sunayen itatuwa kawai, shafi bayan shafi. Kai idon mara lafiya kake duba ka san ko abin da yatsu biyu suka ɗauka ya isa. Wanda ba shi da idonka fa?

To, ni na ɗauke kundin. Yana cikin rumbu, ƙarƙashin dammunan gero, a naɗe cikin leda.

Ka tuna faɗan da kake yi mini kan karance-karancen waya, kana cewa kamar kaza nake, ba jujin da ba na tonawa? A irin tonon nan na gamu da labarin Hezekiya, wani sarkin Bani Isra'ila a Birnin Ƙudus. Malaman Yahudawa sun ce a zamaninsa akwai littafin magunguna da aka gada daga magabata, sai ya ɗauke shi ya ɓoye. Wasunsu suka ce don mutane sun daina roƙon Allah ne, sun dogara da takarda. Wani ya ce a'a, akwai guba a ciki, mutane suka fara cutar da juna da ita. Ba komai nasa suka yaba ba, da ya toshe wani idon ruwa cewa suka yi bai kyauta ba. Amma a kan littafin nan sun ce ya yi daidai, har yau kuma cikin sarakunan kirki suke lissafa shi.

Shi fa sarki ne. Wa ya isa ya tsare shi ya ce ya rantse? Ni gobe bayan Juma'a ƙanenka Baffa Ilu zai tara mu a zaure, kowa sai ya dafa Alƙur'ani. Shi Yaya Sanusi, maƙwabcinmu Malam Audu yake zargi, har ya ci masa mutunci a ƙofar masallaci. Inna ta ce duk wanda ya saci kundin mijinta, ko daga cikinta ya fito, ba ta yafe ba. Tana faɗa tana miƙo mini kwanon tuwo.

Ga abin da ban taɓa gaya maka ba. Sau nawa ka kira ni in zauna in ga yadda kake awo? Duk gidan ni kaɗai nake iya karanta ajaminka daidai. Na ce maka wannan aikin duhun kai ne, a gaban masu jiranka. Sai ka ci gaba da dakan maganinka. Da na zauna, da yaron nan bai kwanta ba. Ina jin haushin Yaya, ina jin haushinka, amma rabin haushin nawa ne na kaina.

Ba zan yi rantsuwar ƙarya ba, ba zan kuma bar Malam Audu da sunan ɓarawo ba. Gobe zan miƙe in ce ni ne, in kuma ce ba zan nuna inda yake ba. Baffa ya yi tsawa, Yaya ya shaƙe ni in ya ga dama. Hezekiya ya sami masu yabonsa, ni ban nema ba. Fuskar Inna kawai nake tsoro. Kai kaɗai kake iya sauko da ita in ta hau, kai kuma ka tafi ka bar ni da ita.

Allah Ya haskaka kabarinka, Ya sa ka huta. Ka yafe mini maganar nan.

Ɗanka mai tsaurin ido,
Bashir