Kalmar da Enoch Ya Sa a Kunnena

Longton, 9 ga Fabrairu, 1934

Yaya Edna,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Ya ciwon gwiwar? Allah ya ƙara sauƙi.

Mu nan sai haƙuri. Likita ya ce ƙurar masana'antar tangaran ta cinye huhun Enoch, yadda ta cinye na ubansa. Ya hana shi doguwar magana, don tana tayar masa da tarin jini. Saura kaɗan in yi dariya, Yaya. Shekara talatin da ɗaya ina zaune da mutumin nan, in ban da "akwai shayi?" me ya taɓa ce mini?

To ga abin haushi. Wani malamin jami'a, Pargeter, yana bi gida-gida yana tattara kalmomin masu sana'a don ƙamus. Aka ce masa duk Longton babu gwanin yin mazubin yumɓu kamar Enoch. Ranar Talata ya zo da katunan da yake rubuta kalmomin a kai, sai ga beben nawa ya buɗe baki kamar an kunna rediyo! Yadda ake kiran kwaɓi, da dannawa, da gyaran baki, har yana nunawa da hannu a kan bargo. Malamin ya ce wata kalmar daga Faransa ta ƙetaro, wata kuma asalinta Latin. Enoch ya ce, "Kai ka san wannan, ɗan boko. Ni daga bakin tsohona na ji ta, haɗe da mari." Ya yi ta dariya har tarin ya taso masa, sai da na ruga na kawo kwano.

Ki gaida kowa.

Ƙanwarki,
Lottie

Longton, 2 ga Maris

Yaya Edna,

Ina gaisuwa, ina kuma godiya da zumar da kika aiko. Da fatan kowa lafiya.

Pargeter bai fasa zuwa ba. Yanzu kalma ɗaya suke nema. Kin san in an buɗe mazubi, akwai siririn layi da kan fito a jikin butar shayi, inda ɓari biyun suka haɗu. Kakan Enoch yana da sunan da yake kiran shafar babban yatsa da ke ɓatar da layin. Malamin ya ce ba ta cikin kowane littafi. Enoch kuwa ta ɓace masa. Wuni yake yana kallon hayaƙin matoyar tangaran ta taga, yatsansa yana motsi.

Na tare malamin a bakin ƙofa na ce, "Malam, numfashin da kake kwashewa a katunanka, rabona ne." Ya cire hula, ya ba ni haƙuri, Talata ya dawo.

Ba zan ɓoye miki ba, kishi nake. So nake ya ce mini wani abu kafin ya tafi, ko a kan 'yarmu Annie ce, da muka binne bai ce uffan ba. Jiya na ce, "Enoch, ba ka da abin da za ka faɗa mini?" Ya ce, "Yi shiru, Lot, kalmar ta kusa zuwa."

Taki,
Lottie

Longton, 21 ga Maris

Yaya Edna,

Ina gaishe ki. Ta'aziyyarki ta iso, na gode. Kada ki damu da rashin zuwa, na san halin gwiwar.

Kin tambaya ko ya yi magana. Ya yi. Da hantsin Jumma'a ina wanki a baya, na ji yana buga sanda. Na same shi idonsa tar. Ya kama hannuna ya jawo ni, na sunkuya, gabana yana faɗuwa kamar na amarya. Sai ya faɗi kalmar, sau biyu, a kunnena. Ya ce, "Ki faɗa wa ɗan boko." Shi ke nan. Kafin azahar ya cika.

Jiya Pargeter ya zo gaisuwa. Ya sha shayi, ya yi ta juya hularsa, daga bisani ya tambaya. Na dube shi ido cikin ido na ce, "Bai tuna ba." Ya ja layi a katinsa, ya tafi.

Na san na ci amana, kuma ba ni da niyyar gyarawa. Shekara talatin da ɗaya na jira, ita kaɗai ya taɓa sa mini a kunne. Ina faɗinta in ina wanke kofuna. Kada ki tambaye ni, Yaya, ko ke ba zan rubuta miki ba. Ranar da aka kwantar da ni kusa da shi, da ita zan tafi.

Ki sa ni a addu'a.

Ƙanwarki,
Lottie