Kaluluwar Wuyanka Ba Za Ta Jira Kaka Ba

Zuwa ga mahaifina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fata kana lafiya, da Inna da sauran mutanen gida. Yaya damina?

Baba, na rubuta wannan a fili ne saboda sau uku ina ɗauko maganar a waya kana cewa ba ka ji na sosai. Na san Baffa Sani zai gani, kuma ba zai iya yin shiru ba, sai ya karanta maka a majalisa. Ka yafe mini.

Ka taɓa tambayata wane aiki ne ya hana ni zuwa noma a wannan dogon hutun. Ga shi. A wani ɗakin bincike nake a Zariya, inda ake duba hotunan cikin jikin mutum. Nawa aikin kaluluwa ce. Daga safe zuwa la'asar ina zagaye ta da layi a kwamfuta, ina auna faɗinta, har idona ya riƙa ruwa. Bayana ya ƙage. Na gaji, wallahi.

Amma ba zaman ne ya fi gajiyar da ni ba. Hotuna bibbiyu ake ba ni na mutum ɗaya, na farko da na bayan wata uku. Babu suna, lamba ce kawai. Wata kaluluwar ta sace, sai in yi hamdala. Wata kuwa da take kamar ƙwayar gyaɗa, sai in tarar ta yi 'ya'ya har ƙirji.

Inna ta faɗa mini kaluluwar wuyanka tun ruwan farko take nan, ta yi tauri, ba ta zafi. Ba irin wadda nake yi ba ce ina ƙarami in na taka ƙaya, ka gasa mini da tsumma mai ɗumi, kwana biyu ta tafi.

Inna ta ce in an yi maka maganar asibiti, amsarka ɗaya ce: sai masara ta shiga rumbu. Na lissafa, Baba. Wata uku ne cif.

Ni ba likita ba ne tukuna. Mai yiwuwa abu ne mai sauƙi. Amma tsoro nake ji, kuma na gaji da ɓoye shi.

Saura mini mako uku a ba ni takardar kammala wannan aikin. Na shaida wa malamar da ke kula da mu cewa ba zan jira ba. Ranar Juma'a zan shigo motar Malumfashi. Baffa zai raka ka asibiti, ni zan riƙe gonar. Na san kunyoyina ba za su miƙe kamar naka ba. Ka je, ka dawo ka yi mini faɗan.

Allah Ya ba ka lafiya, Ya bar mana kai.

Ɗanka,
Habibu