Jinin kifin kogi

Talata da dare, Vaulx-en-Velin

Kawu Isufu ya kira ni daga Paris ina cikin jirgin metro. Ko gaisuwa bai ƙarasa ba ya ce, "Likitar kifi, har yanzu ba ki gaji ba? Dubi ɗiyata Fati, ta gama karatun farmasi tana aikinta." Na ce, "Kawu, ban gaji ba." Ya ce zai yi magana da Inna. To, ya je ya yi mana.

Yau a labo, ɗakin gwajinmu, aka kawo mini jinin esturgeon, ƙaton kifin nan da ya kusa ƙarewa, wanda aka ɗiba a jikin na kogi. Da na gwada da awon jinin na kiwo, sai na kogin suka fito kamar marasa lafiya, alhali lafiyarsu lau. Mai iyo a kogi jininsa ba zai yi daidai da na mai jiran abinci a tanki ba. Aikina ke nan, in samo musu nasu awon, don ran da ciwon gaske ya kama su a gane.

Fati ba ta yi mini komai ba. Amma in Kawu ya sake kira, zan gaya masa cikin ladabi ya daina auna ni da ma'auninta.